Baƙuwar da ke jan ƙofarta

Ɗiyata, saƙonki ya iso, kuma na karanta shi har sau biyu kafin in zauna ba ki amsa. Kin ce yarinyar nan 'yar Amurka da aka sauke a gidanku, mai horon aikin sa kai, ta cika mako uku, kuma ta canza muku. Da ta dawo daga aji sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa, abinci ta ɗan taɓa ta ture, gaisuwa kalma biyu ta wuce. Maigidanki na ganin raini ne. Shi ne kike tambaya: a al'ada, masu gida ke bin baƙo, ko baƙo ke bin masu gida?

Magabata sun faɗi duka biyun. Sun ce baƙonka sarkinka, sun kuma ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ta farkon dai ta baƙon kwana biyu zuwa uku ce, wanda za a shimfiɗa wa tabarma a yi masa rakiya. Taku ba irin wannan ba ce. An kawo ta ne domin ta koyi zama da mutane, kuma ku ne malamanta, ko an faɗa muku haka ko ba a faɗa ba.

Ƙungiyar da kika ce ta turo ta, Peace Corps, Shugaba Kennedy na Amurka ne ya kafa ta a 1961, kuma Ghana ce ƙasar da rukunin farko ya sauka. A shekarun farko a jami'o'in Amurka ake horar da masu aikin sa kan, daga baya aka mayar da horon ƙasashen da za su yi aiki, ana raba su gidajen jama'a. Wata uku ne ko kusa da haka, sai a jarraba su a harshe, su yi rantsuwa, a tura kowa inda zai yi shekara biyu. Kin ga ke nan kwanakinta a hannunki ƙidayayyu ne. Abin da ba ki nuna mata yanzu ba, can za ta je ta yi kuskurensa a gaban waɗanda ba za su yi mata uzuri ba.

Canjin da kuka gani kuwa ba sabon abu ba ne. Wani masanin halayyar al'ummomi, Kalervo Oberg, ya bayyana shi tun a 1954: da farko komai na burge baƙo, sai ɗokin ya kwanta, gajiya da kewar gida su taso, ƙaramin abu ya riƙa ɓata masa rai, sannan a hankali ya saba. Ki auna da kanki. Tun asuba har dare kunnenta na kokawa da harshen da ba nata ba, kowane ido na kanta, ba ta san lokacin da ta yi daidai ba. Idan ta ja ƙofa, hutu take nema. A inda ta tashi, mutum ya keɓe shi kaɗai na awa ɗaya ba laifi ba ne. Ki bar mata wannan awar, ki kuma hana yara leƙe.

Ni ma na taɓa riƙon irinta, kuma na yi kuskuren da nake jiye miki. Na ɗauke ta kamar ƙwai. Ba na bari ta taɓa tsintsiya, abincinta a kwano mafi kyau, a kai mata ɗaki ita kaɗai, mu kuma mu zauna a waje muna ci muna hira. Ni a ganina girmamawa ce. Wata rana da yamma na same ta a bayan ɗaki, ɗan littafin da take rubuta kalmomi a kan cinyarta, tana share hawaye. Da ƴan kalmomin da ta iya ta tambaye ni ko ta yi wani laifi ne da ba ma son ci tare da ita. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Washegari na zaunar da ita gaban wanke-wanke, na miƙa mata soso. Autana ya tsuguna kusa da ita yana ɗaga kwano yana faɗin sunansa, ita tana maimaitawa, yana gyara mata. Abin da ta koya a wannan makon ya fi na watan da ya gabace shi.

Don haka ki ba ta aiki, ki sa ta cikin ku. Abin da kuke so a gidanku kuma ki faɗa mata ƙarara, ke da ita, cikin taushin murya: ga yadda ake gaida babba, ga lokacin da ake rufe gida, ga shigar da za ta sa a mutunta ta a waje. Kada ki tsaya jiran ta gane da ido ko da shiru, don kawaicin da muke karantawa a fuskar juna ita ba ta iya karanta shi ba tukuna. Mafi yawan irin waɗannan baƙin sun fi jin daɗin a faɗa musu kai tsaye, su ba sa ɗaukar hakan cin fuska.

Abu biyu ne ban yarda a matsa mata ba: addininta da cikinta. Kar a ja ta da gardamar imani, ta ga halinku ya isa. In ta ce ta ƙoshi, a ƙyale ta, domin sabon ruwa da sabon abinci kan wahalar da baƙo a makonnin farko, wataƙila ma kunyar faɗa take ji. In kin ga ciwo ne, ko shirun ya wuce misali, ki sanar da jami'an da suka kawo ta, suna da masu duba lafiyarsu.

Shi kuma maigidan naki, ki ce na ce ya yi haƙuri, gobe da safe shi ya fara gaishe ta, a hankali, ya tsaya har ta harhaɗa amsar. Ki rubuto min bayan mako biyu in ji yadda kuka ƙare. A gaida yaran.