Kafin ka biya kuɗin jami'ar Kwatano

Alhaji, ka ce wani dillali a Agege ya kawo maka jami'a a Kwatano, kuɗinta da sauƙi, babu JAMB, kana tambaya ko ka tura yaronka. Ni dai shawarata, ka dakata.

A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Takardar da gwamnati ba ta amince da ita ba, yaro ba zai yi bautar ƙasa da ita ba, kuma ma'aikatu da yawa sai sun ga takardar NYSC kafin su ɗauki mutum.

Ko a nan gida, lasisin jami'a daban, amincewar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) da kwas daban. Kwas-kwas take bi: cikakkiyar amincewa shekara 5, ta wucin gadi shekara 2. Likitanci kuma sai hukumar likitoci (MDCN) ta sa hannu, injiniyanci sai hukumar injiniyoyi (COREN). Ko UNILAG ce ko LASU, ka duba sunan kwas ɗin a shafin NUC da idonka, kada ka tsaya ga bakin dillali. Shi la'adarsa yake nema.