"Ba ta aiki, tana gida": amsoshi a kan aiki, lada da ɗawainiya

Wata mai karatu ta rubuto cewa ta je cika takarda a wani ofishi, aka tambaye ta sana'arta, ta ce tana rainon yara uku kuma tana jinyar surukarta. Ma'aikacin ya rubuta "ba ta aiki". Tambayarta: "Malam, a Hausa abin da nake yi daga asuba zuwa dare ba aiki ba ne?"

'Yar uwa, Hausa tana bayanki. Aiki shi ne duk abin da mutum ya zuba ƙarfinsa da hankalinsa a kai don ya biya wata buƙata. Muna cewa aikin gida, aikin gona, aikin hannu, aikin gayya. Ki lura da na ƙarshen nan: ba a biyan kowa a gayya, amma ba wanda ya taɓa hana ta sunan aiki. Abin da ya faru shi ne, da ofishi da kamfani suka zo, kalmar ta samu ma'ana ta biyu mai ƙunci. "Ya samu aiki" ya koma yana nufin ya samu albashi, "ma'aikaci" ya koma mai karɓar kuɗi a ƙarshen wata. Da wannan ƙuntatacciyar ma'anar aka auna ki, kuma ma'aunin ne bai cika ba.

Wannan ƙorafi naki shi ne tushen tunanin masu fafutukar 'yancin mata da ke kan ra'ayin gurguzu. Sun ce a tsarin jari-hujja, abin da aka sa wa farashi kaɗai ake gani. Lebura yana isa masana'anta a ƙoshe, da wankakkun tufafi, da lafiyar da aka yi jinyarta, bayan shekaru ana rainonsa tun yana jariri. Mai jari yana sayen ƙarfin wannan lebura, amma bai biya ko sisi na aikin da ya samar da ƙarfin ba, kuma yake sabunta shi kullum. Margaret Benston ta ƙasar Kanada ta yi wannan bayani a 1969. A 1972 kuma aka kafa gangamin neman albashi ga aikin gida a birnin Padua na Italiya, wanda Mariarosa Dalla Costa da Selma James da Silvia Federici suke cikin jagororinsa. Tun kafin su, a 1920, masanin tattalin arzikin Ingila Arthur Pigou ya nuna ramin da ke cikin lissafin: in mutum ya auri matar da yake biya tana masa aikin gida, alƙaluman arzikin ƙasa sai su ragu, alhali ba abin da ya ragu na shara ko wanki. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce mata ne ke yin sama da kashi 76 cikin 100 na irin wannan aiki marar biya a duniya. Mace tana ba shi awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. In aka sake tambayarki, ki ce aikinki raino ne da jinya, ki nemi a rubuta haka.

Wani ɗalibi ya tambayi ma'anar "kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi", kuma ko za a iya buga shi a kan mace da mijinta.

Ɗana, gardi shi ne mai wasa da kura a gaban jama'a. Ita ke shan sanda, shi ke tattara abin da 'yan kallo suka jefa. Ana buga karin maganar duk inda wahala ta faɗa wa wani, riba ta tafi ga wani. Ko ya dace da ma'aurata? Nan ne ma masu ra'ayin gurguzu suka bambanta da wasu 'yan uwansu masu fafutuka. Wasu sun ce miji ne gardin kai tsaye. Masu ra'ayin gurguzu kuwa sun ce miji yana cin moriya, ba shakka, yana samun hutun da matarsa ba ta samu, amma babbar jakar tana hannun mai jari, wanda ya biya albashin mutum ɗaya ya samu gumin mutum biyu.

Akwai wani abu a harshenmu da ya daɗe yana ba ni tunani. Kalmar "maigida" tana nufin miji, tana kuma nufin wanda kake yi wa aiki. Direba yana ce wa mai motar maigidana, mace tana ce wa mijinta maigidana. Haka "iyali", da muka aro daga Larabci, asalinsa waɗanda nauyin ciyarwarsu ke wuyan mutum. Kalmar tana ƙirga abin da miji ke bayarwa, ta yi shiru a kan abin da ake yi masa. Friedrich Engels, masanin gurguzu ɗan Jamus, ya lura da makamancin wannan a 1884: kalmar iyali ta Latin ta fito ne daga sunan bawan gida, kuma ya kwatanta miji da mai jari, mace da ma'aikaciya, a cikin gida. Ni dai ba na buga karin maganar kura a kan kowane aure, domin kura ba ta ƙaunar gardi, uwa kuwa tana ƙaunar ɗanta da gaske. Sai dai ƙaunar nan ce ake fakewa da ita a ƙi ƙirga wahalar, kuma wannan ya fi bugun sanda wuyar ganewa.

Wani dattijo ya rubuto da ɗan ɓacin rai. Ya ce ladan mace yana wurin Allah, sa wa hidimarta farashi zubar da darajarta ne, kuma ya nemi in bambanta masa lada da albashi.

Baba, Allah ya ƙara girma. Albashi kuɗi ne da aka yanka, ana biya lokaci-lokaci. Lada kuwa fuska biyu gare shi. Akwai sakamakon da Ubangiji ke bayarwa, akwai kuma abin da ake miƙa wa wanda ya yi maka aiki a nan duniya. Shaidar ta biyun tana cikin karin maganar da kowa ya sani: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ladan da wanzami ya ci a nan ba na lahira ba ne. Hausa ba ta ga karo tsakanin ma'anonin biyu ba, shi ya sa ta bar su a kalma ɗaya. Likita yana karɓar albashi, muna kuma yi masa fatan lada, ba wanda ya ce ɗaya ya kore ɗaya. Aya ta 6 a Suratu Ɗalaƙ ma ta yi umarni a ba matan da aka saka ladansu in sun shayar. Abin da ke damuna shi ne a riƙa tuna ladan lahira a kan aikin mace kaɗai, duk lokacin da aka zo maganar haƙƙinta na duniya.

Amma damuwarka, Baba, ba ta rasa abokai ko a cikin masu wannan ra'ayi. Angela Davis ta Amurka ta yi suka a 1981 cewa albashi zai iya ƙara ɗaure mace a gida, kuma ta tuna wa masu neman albashin cewa baƙaƙen mata sun daɗe ana biyansu kuɗin aikin gida a gidajen wasu ba tare da hakan ya 'yanta su ba. Ita ta fi son a ɗauke wani sashe na nauyin ya koma wuyan al'umma, kamar gidajen rainon yara, irin abin da Alexandra Kollontai ta yi ta kira a kai a Rasha bayan juyin juya halin 1917. Federici kuwa ta ce manufar neman albashin ita ce a tilasta wa duniya ta amsa cewa aiki ne, don mace ta samu bakin cewa ya yi mata yawa. Matan ƙasar Iceland sun gwada wata hanyar a ranar 24 ga Oktoba, 1975: kusan kashi 90 cikin 100 nasu suka ajiye aikin ofis da na gida na yini guda. Makarantu da shaguna da dama suka rufe, maza suka tafi wurin aiki da yara a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ranar nan kowa ya jiƙe.

Tambaya ta ƙarshe daga wata mai aikin fassara ce. Tana neman kalma ɗaya da za ta haɗa rainon yara, jinyar marasa lafiya, kula da tsofaffi da aikin gida.

Malama, zaɓi uku ne a gabanki. "Hidima" daga Larabci take, dangin "hadimi", tana ɗauke da ƙamshin yi wa na sama aiki, kuma a bakin mutane ta fi karkata ga sha'anin taro. "Kulawa" tana da taushi, tana kama ɓangaren zuciya, amma ba a jin nauyi a cikinta, mai karatu zai ɗauka abu ne da ake yi da murmushi kawai. Ni "ɗawainiya" na zaɓa. In aka ce wance tana ɗawainiya da mahaifinta, an ji ƙauna, an ji gajiya, an ji daɗewa, an ji kuma cewa wani abu nata na kanta ya tsaya saboda shi.

Kalmar za ta yi miki aiki har a kan wadda ake biya. 'Yar aiki ɗawainiya take yi, kuma arhar da ake yi wa guminta ta samo asali ne daga ɗaukar da aka yi cewa aikin kyauta ne tun farko. Sai a 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 189, wadda ta amince cewa masu aikin gida ma'aikata ne masu haƙƙin hutu da mafi ƙarancin albashi. Haka matar da ta bar ƙasar Filifin ta je rainon 'ya'yan wasu a wata ƙasa, ta bar nata a hannun ƙanwarta ko mahaifiyarta: ɗawainiyar ba ta ragu ba, gangarawa ta yi daga mai hali zuwa marar hali. Ki rubuta "aikin ɗawainiya", kada ki jefar da kalmar aiki daga gabanta. Inda ake nufin wanda ba a biya, ki ƙara "marar albashi", ki guji "marar lada", don kada mai karatu ya ɗauka ɗaya ladan kike nufi.