Amsoshin tambayoyinku: Ina ake samun zaman masu son barin giya?

Tambaya: Shekara tara ke nan ina shan giya a ɓoye. Na sha rantsewa na bari, amma ba na wuce mako biyu. Na ji ana wani zama na masu irin matsalata. Ina zan same shi, kuma nawa ake biya? (Wani ma'aikaci, Kaduna)

Amsa: Malam, kafin maganar zama, duba hannunka da safe. Idan yana rawa kuma ba ya tsayawa sai ka kurɓa, kada ka yanke shan lokaci guda kai kaɗai a ɗaki. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma sai ta saba da aiki da ƙarfi don ta rama. Da zarar an cire giyar sai ta zarce. Rawar jiki, gumi da amai kan fara awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuwa wajen kwana na biyu zuwa na uku, kuma wannan na iya kisa. Fara da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Likita yakan ba da magani irin su diazepam yana rage shi sannu a hankali cikin kwanaki, tare da bitamin B1.

Zaman da ka ji labari shi ne na Alcoholics Anonymous, wato AA, wanda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a garin Akron na Amurka a 1935. Ba a biyan kuɗin shiga, ba rajista, ba a tambayar sunan mahaifinka. Sharaɗi ɗaya ne: kana son ka daina. Zama kan ɗauki kamar awa guda, mai magana ya yi, ba mai katse shi ko yi masa wa'azi, kuma kana iya cewa yau sauraro kawai ka zo yi. Akwai zaman da kowa ke iya shiga, akwai na masu matsalar kaɗai. Na biyun ya fi dacewa da mai gudun idon sani.

Ana irin wannan zama a Legas da Abuja, amma a Arewa sai an tona, don ba wanda zai kafa allo a ƙofa a inda giya haramun ce kuma abin kunya. Tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a ko likitan halayya a asibitin, su suka san inda waɗanda aka sallama ke haɗuwa. In ba ka samu ba, akwai zaman Zoom dare da rana, galibi da Turanci, jerinsu na shafin Online Intergroup na AA. Kashe kyamara, sa suna ɗaya. Halarci zama biyar ko shida a rukuni daban-daban kafin ka yanke hukunci, sannan ka nemi wanda ya daɗe da bari ya zama madogararka, wanda za ka kira da ƙarfe goman dare lokacin da ƙafa ke janka zuwa mashaya. Yawanci a nan ake faɗuwa: a yi wata ɗaya lafiya, a ce an warke, a daina zuwa.

Tambaya: Wannan zama na AA ba na Kiristoci ba ne? (Wata matar aure, Jos)

Amsa: Hajiya, daga cikin Kiristoci ya samo asali, wasu wuraren ma a ɗakin coci ake haya, amma ba a neman kowa ya sauya addini, kuma in an rufe da addu'ar da ba taki ba shiru ya wadatar. Akwai irin wannan zama mai suna Millati Islami da Musulmi suka kafa a garin Baltimore na Amurka a 1989, akwai SMART Recovery da ba ruwansa da addini. Idan don maigida kike tambaya, naki zaman shi ne Al-Anon, na iyalan masu sha.

Tambaya: Ɗana ya ƙi zuwa ko'ina. An tallata mini maganin da zan zuba masa a abinci ya tsani giya, wasu kuma sun ce in kai shi gidan mari. (Wata uwa, Kano)

Amsa: Mama, riƙe kuɗinki. Garin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ba ki san me za ki ba ɗanki ba. Maganin asibiti mai irin wannan aiki shi ne disulfiram: yana hana jiki kammala narkar da giya, sai fuska ta yi zafi, zuciya ta yi ta bugawa, amai ya biyo, jini ya iya faɗuwa. Wanda bai san ya sha shi ba zai ɗora giya a kai yadda ya saba, ya ƙare a gadon asibiti. Da sanin mutum da sa idon likita ake ba da shi.

Gidan mari kuwa, ki tuna na unguwar Rigasa da ke Kaduna a Satumban 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Duk cibiyar da za ki biya, ki tambaye su: wane likita ke duba mutum a makon farko, za ki iya ganin ɗakin kwana da idonki, kuma wane zama zai riƙa zuwa bayan sallama? A Kano ki fara da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Kina iya zuwa ke kaɗai da farko, su koya miki yadda za ki ɗauko masa maganar da safe, lokacin da bai sha ba.