Amsa: QGIS, manhajar taswira, ya ƙi fitar da hanya daga unguwar Plateau zuwa Harobanda a Yamai

Malam, ka ce layukan duk suna nan a taswira amma hanya ta ƙi fitowa. Galibi layukan ne ba su haɗu ba. A ido sun taɓa juna, amma in ka zuƙo sosai sai ka tarar da ratar rabin mita a bakin gadar Kennedy, kuma manhaja ba ta tsallake irin wannan rata sai in an saita ta ta yi hakan.

Fara da mayar da shimfiɗar zuwa EPSG:32631, tsarin da ke auna taswira da mita, shi ne na Yamai. In ka bar ta a 4326, tazarar da za ka rubuta wajen gyara digiri ce, digiri ɗaya kuwa ya kai kilomita 111. Sannan buɗe Topology Checker, mai gano kurakuran haɗin layuka, sa dokar "must not have dangles", wato kada bakin layi ya tsaya bai haɗu da wani ba. Lungun da ya mutu ma zai fito ja, wannan ba laifi ba ne, ka ƙyale shi.

Gyara da v.clean, kayan gyaran layuka: snap (jawo layukan da ke kusa su haɗu) na mita 1, sannan break. Amma a kula, break na yanka duk inda layi biyu suka gitta, har gadar sama ta Mali Bero, sai mota ta riƙa dirowa titin ƙasa. Ware layukan gada, masu alamar bridge=yes, kafin ka yi break.

In har yanzu shiru, duba oneway, alamar titin da ake bi ta gefe ɗaya kawai, wataƙila an zana titin a juye.