Ina annabawan ikkilisiyar farko suka shiga?

Tambaya: Malam, na ji wani mai wa'azi yana cewa Kiristocin farko suna da annabawa a cikinsu bayan zamanin Yesu Almasihu. Su wane ne, kuma me ya sa aka daina jin ɗuriyarsu daga baya?
Wata mai karatu daga Kafanchan

Amsa: Malama, mai wa'azin nan bai yi ƙari ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci annabawa a ikkilisiyar Antakiya, Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, ya sa su a matsayi na biyu bayan manzanni. Ba su zo da sabon littafi ko shari'a ba. Masu bi ne, maza da mata, waɗanda jama'a suka yarda Ruhu Mai Tsarki yana magana ta bakinsu a wurin taro, galibi don gargaɗi da ƙarfafa zuciya, jifa-jifa kuma don faɗin abin da ke tafe.

Agabas ya fi sauran suna. Shi ne ya faɗi yunwar da ta auku a zamanin Kalaudiyas, wanda ya mulki Rum daga shekara ta 41 zuwa 54, har mutanen Antakiya suka haɗa gudummawa suka aika Yahudiya. Daga baya, a Kaisariya, cikin gidan Filibus mai 'ya'ya mata huɗu masu annabci, ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure wa kansa ƙafafu da hannuwa, ya ce haka za a yi wa mai ita a Urushalima.

Abin da ya dami ikkilisiya tun farko shi ne yadda za a rarrabe na gaskiya da mai neman abin sawa a baka. Didake, wani ɗan littafin koyarwa na wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya ce baƙon da ya zo da sunan manzo ya kwana ɗaya ko biyu. In ya kai uku, ko ya nemi kuɗi maimakon gurasar guzuri, annabin ƙarya ne. A ganina wannan doka ta nuna al'umma mai girmama baiwar, wadda duk da haka ta sha cuta a hannun mayaudara. Littafin ya kuma umarta a naɗa bishof-bishof da dikinoni, domin su ma suna yin hidimar annabawa.

Rikicin wani mai da'awar annabci, Muntanus, ne ya ƙarasa lamarin. A rabin ƙarshe na ƙarni na 2 ya taso a Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, tare da mata biyu, Firiskila da Maksimila, suna annabci cikin fita hayyaci, suna tsananta azumi. Bishof-bishof na Asiya Ƙarama suka taru suka fitar da su daga zumunci, ko da yake Tartuliyan, marubucin Kirista na Kartaj a Arewacin Afirka, ya goyi bayansu a farkon ƙarni na 3. Daga nan ikon koyarwa ya ƙara tattaruwa a hannun bishof da rubutattun littattafai, aka riƙa zuba wa duk mai da'awar annabci ido sosai.