Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Kiwina Yin Fure a Jos?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara 4 ke nan da na shuka ƙwayoyin da na cire daga kiwi, wani ɗan itace mai koren ciki da na saya a kanti. Ya yi yaɗo har ya lulluɓe katangar bayan gidana, amma ban taɓa ganin fure ko ɗaya ba. Ina matsalar take, kuma idan Allah ya sa ya yi 'ya'ya, yaushe ake tsinka? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Haƙurin da kika yi abin yabo ne, kuma saboda shi ne ba zan ɓoye miki komai ba. Babbar matsalar ita ce rashin isasshen sanyi. Asalin kiwi daga ƙasar Sin yake, a 1904 aka kai irinsa Niyu Zilan, kuma koren da ya fi yawa a kantuna, wato nau'in Hayward, yana bukatar ya zubar da ganye ya kwanta tsawon sa'o'i ɗaruruwa, kimanin 600 zuwa 800, cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ya fitar da fure sosai. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, abin da ya sa dankalin Turawa da sitiroberi ke yi mana kyau, amma hunturunmu ba ya tara waɗannan sa'o'i, domin da rana ta ɗaga sai gari ya ɗumama.

Abu na biyu, kiwi yana da namiji da mace, kowane a jikinsa daban, kuma wanda aka shuka daga ƙwaya ba a sanin jinsinsa sai ya yi fure. Ranar da kika ga furen, ki duba tsakiyarsa da kyau: na macen yana da fararen zare da suka baje kamar tauraro a kan wani ɗan ƙullutu, wanda shi ne zai zama ɗan itacen, na namijin kuwa zare ne masu rawayan gari kawai. Namiji ɗaya yana wadatar da mata 6 zuwa 8, ƙudan zuma ne kuma ke kai garin.

Shawarata ita ce kada ki sare wannan, domin saiwarsa ta riga ta kafu kuma ana iya yi masa aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Ki nemi reshen nau'in da ba ya bukatar sanyi mai yawa, mace da namiji, galibi masu rawayan ciki sun fi sauƙi a wannan fanni, kuma ki ɗauki abin a matsayin gwaji. Ki sauke shi daga katanga zuwa rumfa mai ƙarfi, tsayin kusan mita 2, inda iskar hunturu ba za ta karya rassansa ba. Ki kula da ruwan Yuli da Agusta, domin kwanciyar ruwa a gindinsa tana ruɓar da saiwa, da rani kuma kada ki bari ƙasar ta bushe.

Game da tsinka, ba a jiran kiwi ya nuna a jikin yaɗonsa. Bayan wata 5 zuwa 6 da yin fure, ki yanka guda ɗaya, idan ƙwayoyin ciki sun yi baƙi ƙirin, to ya ƙosa. Ki tsinke su da taurinsu, ki sa kaɗan a jakar takarda tare da ayaba, cikin 'yan kwanaki za ki ji sun yi laushi idan kika ɗan latsa da yatsa, sauran kuma ki ajiye su a firji, za su yi makonni ba su lalace ba.