Me ya sa infirared ba ya ganin girgizar 1065 ta SO₃?

Ƙanena na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka tambayi dalilin da na'urar infirared (mai auna hasken da ido ba ya gani wanda sinadari ke shanyewa) ba ta nuna girgizar 1065 cm⁻¹ ta SO₃, wato sinadarin da ke da ƙwayar zarra ɗaya ta farar wuta da uku na oksijin. Lambar cm⁻¹ ɗin ma'aunin saurin girgizar ce.

Dubi duwatsun murhu uku a tsakar gida. Haka oksijin uku suka kewaye farar wuta, a shimfiɗe, digiri 120 tsakaninsu. A wannan girgiza ukun kan miƙe tare su dawo tare, don haka cajin lantarki ba ya karkata ko'ina, infirared kuwa sai da karkatar yake kamawa. Shi ya sa ake haska leza ta hanyar Raman, a auna hasken da ya warwatsu. Wata girgizar SO₃ ta 1391 cm⁻¹ kam, tana karkatar da cajin, don haka infirared na ganinta sarai.

Don Allah ka kiyaye danshi: da SO₃ ya taɓa ruwa sai ya zama asid mai ƙuna.